Doki Arba'in A Bayan Ƙaramin Jirgi

Ina yi muku sallama, ku masu wannan mujalla da masu karanta ta, da irina da sai dai a karanta mana. Ni tsohuwa ce a cikin birnin Daura. Ban taɓa zama a aji ba, iyakar karatuna abin sallah ne da aka koya mini a gidanmu. Surukata ce take riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta ƙara mini gishiri, kada ta rage. Ita ta saba karanta mini labaran da ake aiko muku, mafi yawansu na kuka. Nawa akwai tsoro a cikinsa, akwai abin kunya, amma yau in aka ɗauko shi a gidanmu har mai ciwon haƙori sai ya dara.

A lokacin da abin ya faru ni mace ce da unguwa take shakka. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya'ya, na riƙe su da injin markaɗe da na kafa a zauren gida, daga baya na ƙara da na niƙa. Ina daga cikin ɗaki, in bel ya saki ko haƙorin inji ya cinye, kunnena zai gaya mini kafin kowa ya sani. Ba a kawo mini wargi. Yarinya in ta zo markaɗe da ɗankwali a karkace, a ƙofa take tsayawa ta gyara. Da aka dawo da Shari'a a jiharmu, mata suka riƙa tsokanata wai ni tun kafin a kawo ta nake zartar da tawa. Abu ɗaya na yarda da shi a harkar nema: ƙarfe shi ne dukiya. Katakon da aka ɗora inji a kai da rumfar da aka yi masa duk tarkace ne. In kuɗinka kaɗan ne, zuba su a inji. Wannan karatun shi ya ciyar da ni da marayuna, shi ne kuma ya kusa kai ni ƙarƙashin ruwa.

Ina da ɗan fari. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san yadda muke yi da ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi. To ni a nan na wuce kowa. Tun da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, ya tashi a hannunta tare da ƙannena, yana kirana Yaya kamar yadda ya ji suna yi. In zan yi maganarsa sai in ce wannan yaron, har ya ajiye gemu. In ya zo gaishe ni yana durƙushe a bakin ƙofa, ni kuma ina kallon bango ina amsawa. Har misali ake yi da ni, ana cewa amare su koyi kunya a wurina, ni kuma ina jin daɗin hakan. Da ya tasa sai ya bi mutane ya tafi Tafkin Chadi, ya shekara da yawa yana tuƙa jirgin wani mai kuɗi, yana ɗaukar bandar kifi da fasinja. Da fitina ta tashi a can ya dawo mana da matarsa da yaransa da kayan jikinsu. Ya gwada acaba ba ta karɓe shi ba, ya gwada awo a kasuwa ya kasa zama. Mutumin da ya saba da ruwan da ba a ganin ƙarshensa, ga shi a garin da babban ruwanmu rijiyar Kusugu ce.

Ba na kallonsa ido da ido, amma babu abin da yake wuce ni. Na ga kwanon tuwonsa yana dawowa da saura. Na ji yana zama da samarin da ba su da hira sai ta Agadas da abin da yake bayanta. Wata rana kuma na shiga zaure na tarar da jarka biyu an naɗe su da buhu an ɗinke tsaf. Na san jarkar da ake sa wa riga, ta masu keta sahara ce. A unguwarmu akwai gidajen da suka ga irin wannan jarkar ta fita, har yau ba su ga mai ita ya dawo ba. Amma bakina ba zai iya ce masa kada ka tafi ba. Sai na aika aka kira ƙanena, wanda suka tashi tare. Shi dillalin shanu ne, bakinsa zuma, yana iya sa mai saye da mai sayarwa kowa ya tafi gida yana ganin shi ya ci riba. Ya ce mini, Yaya, maganin yaron nan ruwa ne. Ya ce ga dam nan ta wajen Dutsi, mutanen ƙauyukan ƙetare suna shan zagaye ranar kasuwa, da damina ma hanyar yankewa take yi, kuma babu abin fito sai ƙananan kwale-kwalen masunta. In yaron ya sami jirgi mai inji, ya zauna. Ban yi dogon tunani ba. Na sayar da shanun da nake kiwo, na haɗa da kwasar adashina, na ɗaure a ƙyalle na miƙa masa.

Suka tafi can ƙasar Yawuri wajen masu haɗa jirage, suka dawo da magana biyu. Ƙanena ya shigo ɗakina ya zauna, yaron yana zaure. Ya ce kuɗin za su iya sayen dogon jirgi mai faɗi, mai tsayin gefe, amma sai dai a ɗaura masa ƙaramin inji mai doki sha biyar. Ko kuma a sayi gajeren jirgi, mara zurfi, a ɗaura masa babban inji na hannu mai doki arba'in. Babba da babba kuwa aljihunmu bai kai ba. Na ce menene kuma doki a cikin ruwa, ya ce ƙarfin inji ke nan. Na ce to ai magana ta ƙare, wa yake barin doki arba'in ya ɗauki sha biyar saboda katako? Na ce shanuna ba za su tafi a itace ba. Duk da haka na ce ya leƙa ya ji ta bakin wannan yaron. Ya fita, na ji suna ta ƙus-ƙus, muryar yaron tana hawa tana sauka, abin ya ɗauki lokaci. Da ya dawo sai ya ce yaron ya ce duk wanda Yaya ta zaɓa shi ne mai albarka, sai dai babban ya ɗan fi ɗaukar kaya. Na ce mai gudu ai sawu biyu zai yi kafin wancan ya yi ɗaya. Ƙanena ya ce wallahi lissafin Yaya ko 'yan boko sai haka.

Don kada a ce na yanke hukunci daga ɗaka, na sa aka kai ni na ga ruwan da idona. Da hantsi ne, ƙarshen rani. Ruwa yana kwance kamar an zuba a faranti, shanu suna sha a gefe, mata suna wanki. Na ce yanzu wannan ne ake nema wa ƙaton jirgi? Ai wannan kududdufi ne ya yi ƙiba. Ƙanena ya ƙyalƙyale da dariya. Yaron yana tsaye can nesa, ya dubi gabas, ya dubi ƙasa, na ga leɓensa ya motsa kamar zai yi magana. Na gani sarai, sai na kau da kai.

Ranar da aka kawo jirgin a bayan babbar mota sai da aka bi da shi ta cikin gari, jama'a suna fitowa kallo, tsofaffi suna tambaya ko tufana ce za ta dawo. Makonnin farko kuwa daɗi kamar me. Aka riƙa zuwa ana ba ni labari cewa jirgin ɗanki ba tafiya yake yi ba, tashi yake, hancinsa a sama, kafin ka gama gyara zama an kai ka ƙetare. Kwanon tuwo ya fara dawowa a suɗe. Yana shigowa da magariba da kifi a leda, ya ajiye a bakin ƙofa ya ce ga na miyar Yaya. Wata safiya na ga jarkokin nan an farke musu riga, suna warin fetur. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi sujada, na fito da fuskata a ɗaure kamar kullum.

Da damina ta kankama sai labari ya canja. Matan ƙetare da suke kawo niƙa suka fara ƙorafi, wai ɗana mutum kaɗan yake ɗauka ya bar saura a bakin ruwa, wai in azahar ta wuce ba ya fita, wai in iska ta ɗan motsa sai ya riƙa tafiya kamar mai bin gawa. Na ce doki arba'in ɗin fa? Zuciyata ta raya mini mugun abu. Na ce yaron nan ya gaji ne, so yake sana'ar ta mutu a hannunsa ya sami hujjar tafiya. Na aika ƙanena, ya dawo ya ce yaron ya ce zai gyara. Ba a ga gyara ba. Ana cikin haka 'yar ƙanen nawa da take aure a wani ƙauye na ƙetare ta haihu. Na ce gani ya kori ji, ta ruwa zan je sunan nan. Na yi alkaki cike da babbar langa, ana gobe suna muka kama hanya bayan la'asar, ni da ƙanena da mata biyu 'yan uwa. A bakin ruwa muka tarar da angon ƙarni ya dawo daga kasuwa da ragonsa, shi ma yana jiran fito.

Ruwan da na gani ranar ba shi ne wanda na raina ba. Ya cika ya haɗiye gonakin gefe, ya yi duhu, ƙetaren ma da ƙyar ake hangowa. Gabas kuma hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Yaron ya ja kawunsa gefe ya yi masa magana da hannu da ka. Kawun ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce yaron ya ce ko za a ɗan dakata. Na ce doki arba'in ne za su kasa tsere wa hadarin da ko walƙiya bai fara ba? Na tattare zanena na taka na shiga jirgin na zauna daram, langata a cinya. Ban taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawuna ba, amma na zauna kamar a kan gadona. Kowa ya san ba mai fitar da ni. Yaron ya sauke buhun geron da aka riga aka loda, ya ba wa wasu mutum biyu haƙuri suka fita, bai nemi izinin kowa ba. Na ƙulla wannan a raina, na ce in mun sauka zai ji saƙo.

Da farko har na fara jin na yi nasara. Inji ya yi ruri, iska mai sanyi tana dukan fuskata, ƙanena yana ce wa angon ƙarni ka ga zaɓin Yaya. Muna kaiwa tsakiya iska ta sauko gaba ɗaya, sai ruwa ya miƙe tsaye. Ban san ruwa yana da tudu da kwari ba sai ranar. Ɗan jirgin nan ya hau wannan tudun, ya faɗa wancan ramin, ya bugu kamar taɓarya a turmi, haƙorana suna haɗuwa. Sai na ji yaron ya rage inji har ya koma gunaguni. Na daka wa ƙanena tsawa na ce ya gaya masa ya saki dawakan mu wuce. Ina waiwayawa na ga dillali ya rungume rago, idonsa a rufe, yana karanto duk abin da ya zo bakinsa, har da addu'ar shiga kasuwa. Ranar babu ɗan aike. Sai na ji wata murya da ban taɓa ji ba, mai kauri, ba rawa a cikinta. Ɗana ne yake mini magana kai tsaye. Ya ce Yaya ki sauka daga kan katakon nan ki zauna a ƙasa, ki matsa gaba, ki juye abin da yake cikin langar nan ki kwarfe ruwa, yanzu.

Na duba baya na ga abin da yake gani. Nauyin babban injin nan ya danne gindin jirgin, gefensa kuma gajere, duk igiyar ruwan da ta biyo mu sai ta zubo ciki. Ruwa ya kai mini ƙwauri. Ni da ko ƙwayar gero ba na bari ta faɗi ƙasa, na juye alkakin nan kaf a cikin dam, na durƙusa ina kwarfa. Mayafina ya tashi sama, ɗankwali ya bi shi, ban ko kalle su ba. Gwiwata tana gugar ta angon ƙarni, shi yana kwarfa da hularsa, matan nan suna yi da takalma. Ruwan sama ya tsuge. Can sai inji ya yi tari ya mutu, jirgin ya fara juyawa yana ba wa iska haƙarƙarinsa. Na ɗago kai daidai lokacin da na ga yaron ya ɗauki igiya ya dira cikin ruwa. Na duba inda ya faɗa, babu komai sai kumfa.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Sunan nan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da liman ya raɗa shi, shi ne ya fito daga bakina, da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Na kira, na sake kira, ina riƙe da gefen jirgi kamar zan bi shi. Sai na ji daga wajen hancin jirgin an ce, na'am, Inna. Na juya. Ga shi tsaye a kan ƙafafunsa, ruwa iya ƙirji, igiya a kafaɗa. Ashe tun da iska ta taso ba ƙetare yake nufa da mu ba, yana ta lallaɓa jirgin ne zuwa kan wani tsohon tudun gona da ruwa ya rufe, inda ya san ƙafa tana taɓa ƙasa. Ya ja mu kamar mai jan saniya har gindin wasu itatuwa da suke kare iska, ya ɗaure. Muka zauna tsamo-tsamo har hadarin ya wuce. Wanda ya fara buɗe baki ƙanena ne. Ya saki ragon, ya share fuska, ya ce ashe dai Yaya ta san sunan, shi ya ɗauka mantawa ta yi. Matan nan suka fashe da dariya suna hawaye, angon ƙarni ya dara har yana tari. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ji ni ma dariyar ce take fitowa. Shi kuwa yana cikin ruwa ya juya mana baya, yana ta gyaran ƙullin igiyar da ba abin da ya same ta.

Da filafili muka ƙarasa, gab da magariba. Kafin in canja zane labari ya gama ƙauyen. Washegari da aka raɗa suna sai ga maroƙi yana shela, angon ƙarni ya sa wa jaririn sunan ɗana. Gida ya ɗauki guɗa. Aka kawo mini jinjirin aka ɗora a cinyata, tsofaffin mata suka kewaye ni suna cewa to Hajiya, kira mana shi mu ji, ko shi ma sai an jefa shi a ruwa? Wata ta ce a yafe mini alkakin suna tunda kifayen dam sun ci walima. Na ce su bar ni da jikana Mai Rago, sunan da ya bi yaron ke nan har yau. Da aka watse na tare ƙanena a bayan rumbu, na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah abin da yaron ya faɗa a zaure ranar zaɓen jirgi. Ya sunkuyar da kai. Ya ce yaron cewa ya yi ƙaramin jirgi da wannan injin makara ce ranar iska, ya roƙe shi don Allah ya gaya wa Yaya haka, kada ya rage ko kalma. Na ce to me ya hana ka? Ya ce, Yaya, dillali ba ya kai maganar da za ta ɓata ciniki, ban da haka ma wane mai tsautsayi ne zai shigo ɗakinki ya ce katako ya fi ƙarfe? Na so in wanke shi tas, amma na ga laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ni na gina ƙofar da gaskiya sai ta rage tsawo kafin ta shigo.

Da muka dawo gida na shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗakina, na aika a kira shi. Ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba, na ce ya shigo ya zauna. Na dubi fuskarsa sosai. Na ga furfura a gemunsa, na ga wani tabo a girarsa da ban san lokacin da ya ji ciwon ba. Na ce ya koya mini jirgi kamar yadda zan koya wa wani inji. Da farko yana magana yana kallon tabarma, daga baya ya saki jiki har yana kwatance da takalmansa. Ya ce ruwa mai iska tsawo yake so, jirgin da zai kwanta a kan igiyar ruwa biyu lokaci guda, maimakon ya riƙa faɗawa tsakaninsu. Yana son faɗi don kada ya kife, yana son tsayin gefe don kada ya sha. Ya ce kowane jirgi da nauyin injin da gindinsa yake iya ɗauka, kuma gudu na ranar lafiya ne, ranar iska mai doki arba'in da mai sha biyar tafiyarsu ɗaya, sai dai wani a jiƙe wani a bushe. Ga shi babban inji shan mai yake kamar raƙumi ya sami rijiya. Ya ce ba a zuwa ganin ruwa da hantsin rani, ranar fushinsa ake zuwa, a tambayi masunta ta ina iska take zuwa. Kuma mai ƙaramin ƙarfi ya rage wani abu na igiya da filafili da rigunan nan masu hana nutsewa. Na ce to duk ka san wannan, me ya sa ka karɓa? Ya ce tsoro ya ji kada in ya musa in janye hannuna, kuma wannan jirgin shi ne abu na farko da ya san ya fito daga hannuna saboda shi. Nan na ce hayaƙin girki ne ya shigo mini ido, ko da yake ba a hura wuta ba.

Muka sayar da babban injin ga wasu masu ƙaton jirgi da suka dace da shi, masunta suka sayi ƙaramin jirgin suna bin gefe da shi da filafili. An yi asara, ba zan ɓoye ba, abin da aka samu bai kai ba. Sai na sa aka kwance injin niƙana aka kai kasuwa, na bar na markaɗe. Unguwa ta kwana tana mamaki, wai Hajiya ta sayar da ƙarfe ta sayi katako. Wannan karon da ɗana muka yi shawara, baki da baki, ƙanena yana gefe an hana shi sa baki, yana ta cewa an kashe masa sana'a. Jirgin da aka kawo dogo ne, mai ciki, da ɗan injinsa a baya kamar ƙuda a bayan bijimi. Ba ya gudu ko kaɗan, mutanen ƙetare har sun sa masa suna Sannu Ba Ta Hana Zuwa. Amma yana ɗaukar mata a gaba, maza a baya, awaki da buhuna a tsakiya, kowa da sararinsa, abin da ni ma ya fi kwanta mini. In iska ta motsa sai ya ratsa ta yana gyangyaɗi kamar tsoho a kan jaki. In hadari ya haɗo sosai kuwa har yanzu ba ya fita, kuma yanzu babu tsohuwar da take tattare zane ta shige masa. Maganar sahara ta mutu. Ya yi ɗaki biyu a bayan gida, jarka ɗaya tana jirgi da fetur, ɗayar na sa an wanke ta tas, a cikinta nake tara ruwan alwala.

To ku masu niyyar sayen jirgi da ɗan abin da kuka tara, ku ji daga bakin wadda ta kwarfi ruwa da langar alkaki. Kada ƙarar inji ta ruɗe ku. In kuɗin ba za su kai babba da babba ba, ku sayi jikin da zai ɗauke ku ranar da ruwa ya yi fushi, inji ya biyo baya gwargwadon hali. Sanin da ya ciyar da kai a tudu ba lallai ya fisshe ka a ruwa ba. Ku kuma iyaye mata 'yan uwana, ban ce a zubar da kunya ba, ado ce, da ita aka san mu. Amma ni tawa ta kusa cin ran mutum shida da rago, don na gwammace in ji ɗana ta bakin dillali. In ɗanki ya san abin da ba ki sani ba, shimfiɗa masa tabarma tun kuna kan tudu.

Surukata ta ajiye biro tana tambaya wai ko ta rubuta sunan nasa a ƙasa, tunda duk ƙasar Dutsi ta riga ta ji shi daga bakina. Na ce ta kiyaye ni. Mai Jirgi nake ce masa yanzu, ya ishe mu. Sai dai kullum da safe in zai fita ba ya tsayawa a bakin ƙofa, shigowa yake ya ce Inna na tafi, ni kuma in dube shi a fuska in ce ya duba gabas kafin ya kwance igiya.